Ranar da Saura Ƙiris Ya Kai Akuya Jami'a

A layinmu babu mai kiransa da sunan yanka. Saura Ƙiris ake ce masa, domin shekara shida ke nan yana karatun digiri na uku a fannin noma, kuma duk wanda ya tambaye shi yaushe zai gama, amsar ɗaya ce: "Ai saura ƙiris." A cikin wannan ƙiris ɗin matarsa ta haihu sau biyu, telan da ke da shago a ƙofar gidan ya canja keken ɗinki, teburin cin abinci kuwa ya ɓace ƙarƙashin takardu har yaran suka tashi ba su san kalar samansa ba.

Bincikensa a kan maganin feshi ne da zai hana awaki cin dashen itatuwa. Ganyen darbejiya ake dafawa da tafarnuwa da barkono, a tace, a fesa. Gwajin da ya yi a gonar jami'a ya nuna cewa cikin awaki goma, shida na kauce wa dashen da aka fesa. Aiki ne mai kyau, babu abin kunya a ciki. Amma kafin labarin ya fito daga bakin mai shi ya iso shagon tela, shidan nan ta zama goma.

"Akuya ko daga nesa ta shaƙa, sai ta juya," in ji shi, ya buɗe hannuwa Tela na auna masa sabuwar kwat. "Akwai wadda ta shaƙa ta yi kwana uku ba ta kalli ganye ba."

"Allah sarki," in ji Tela. "Me ta ci a kwana ukun?"

"Tunani ta yi ta yi."

"Sauke hannun, Dakta, na gama da hammata. To ranar Alhamis ɗin me za a yi maka?"

"Ba ni za a yi wa ba, ni zan yi musu. Kare kundi ake cewa. Manyan malamai za su zauna su yi mini tambayoyi, ni kuma in ƙara musu ilimi. Ka gaya wa mutanen layi, duk mai son ya ga yadda ake yi ya zo, ƙofa a buɗe take."

Farfesan da ke duba aikinsa dattijo ne mai sanyin magana, wanda ya rage masa wata biyu ya yi ritaya. Ranar Litinin ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa, ya cire tabarau.

"Malam, ka saurare ni da kyau. Baƙuwar farfesar da za ta jarraba ka daga wata jami'a take zuwa, kuma sau ɗaya take zuwa a shekara. In ka faɗi, sai baɗi. Baɗi kuwa ba na nan, wani za a ba ka, ya ce ka soma daga babi na ɗaya. Minti ashirin ne kawai. Ka haska hotunanka a bango, ka faɗi abin da ke cikin kundin, ka yi shiru."

"Ranka ya daɗe, ni ina ganin da za a ɗan nuna musu a aikace…"

"Ka yi shiru, na ce. Shi ne ɓangaren da ya fi ba ni tsoro."

Saura Ƙiris ya ce to. Kafin ya sauko daga bene ya riga ya yanke shawara. Kowane ɗalibi hoto yake haskawa. Shi akuya zai kawo, mai rai, a tsaya a gani da ido.

Ranar Talata da hantsi ya ɗora babbar tukunyar matarsa a wuta. Kafin azahar tsakar gidan ya gagari zama. Maƙwabta suka rurrufe taga, kajin gidan baya suka koma lungu, Tela ya ɗaure hanci da ƙyallen yadi ya ci gaba da ɗinki yana atishawa. Matar, wadda malamar makaranta ce, ta dawo daga aiki ta tsaya a ƙofar kicin tana hawaye, ba don baƙin ciki ba.

"Baban yara, me ya mutu a tukunyata?"

"Kimiyya ce take dahuwa."

"To ta ƙone."

Da ruwan ya huce ya fesa a jikin wani dashen mangwaro don ya gwada, sai ya ga yana zamewa daga ganyen yana ɗiga ƙasa. A gonar jami'a akwai wani sinadari da suke ɗigawa don maganin ya kama ganye, amma yana kulle a ɗakin gwaji, makullin kuma yana hannun Farfesa. Ya tsaya ya yi nazari. Me ke sa abu ya yi danƙo? Ya ɗauko gwangwanin sukarin gidan ya juye duka. Sai kuma ya tuna saura kwana biyu, kada abin ya lalace. Me ke hana abu lalacewa? Ya kawo gishiri ya zazzage rabin leda.

"Wannan yana cikin littafin naka?" in ji matar.

"Littafi na ɗalibai ne. Mu da muka kai nan, ƙwaƙwalwa muke amfani da ita."

"Gobe da safe sai ka zuba wa yara ƙwaƙwalwar a shayi."

Saura akuya. A ƙarshen layi ƙanwar babansa take, wadda kowa ke kira Gwaggo, tana da wata baƙar akuya mai yagaggen kunne da duk unguwa ta san ta. Ya same ta tana tsintar wake a tire.

"Gwaggo, aron akuyarki na zo, zan kai ta jami'a."

"Kai da ka shekara shida ba ka fito ba, ita kuma yaushe za ta dawo?"

"Yini ɗaya ne. So nake ta ƙi cin ganye a gaban malamai."

Gwaggo ta ajiye tiren. "Ɗan nan, wannan dabbar ta ci sabulu. Ta ci katin asibitina. Ta ci igiyar shanya, ta haɗa da abin da aka shanya. Ina da wata fara, ka ɗauke ta, ita tana da kunya."

"Ai mai rashin kunyar nake so. In ita ta ƙi, an gama magana. Abu ɗaya nake roƙo, daga yammacin Laraba kada a ba ta komai. Da yunwa nake son ta je."

"Ni dai na faɗa maka," in ji Gwaggo. "Kuma zan zo, don kada a ce mini an ji."

Ranar Alhamis ya fito cikin sabuwar kwat ruwan toka, da jaka a kafaɗa, da jarkar magani, da abin feshi, da dashen mangwaro biyu a cikin leda, da akuya a igiya. Masu tasi uku suka tsaya, suka leƙo, suka shaƙi jarkar, suka ja motarsu. Da lokaci ya fara ƙurewa sai Tela ya rufe shago ya fito da babur ɗinsa. Aka ɗaura dashen a baya, Saura Ƙiris ya zauna ya rungume akuya a cinya, jarka a tsakaninsa da ita. Matarsa da Gwaggo da sauran mutanen layi suka ce za su biyo baya a mota.

Ba su yi nisa ba babur ya faɗa rami, murfin jarka ya yi tsalle. Kusan rabin maganin ya kwarare a gaban kwat ɗin, ya gangara wando, ya shiga takalmi. Akuyar, wadda tun daga gida take fizge-fizge, ta yi tsit. Can sai ta sa harshe ta fara lasar aljihunsa.

"Dakta, me take yi a bayana?" in ji Tela.

"Maganin ne ya fara aiki. Ta rikice."

"Ni kamar tanɗe baki nake ji."

"Kai dai ka kalli hanya. Ka san ɗinki, ka bar mana dabbobi."

A ƙofar jami'a mai gadi ya ɗaga hannu. Tsoho ne mai tsayi, da littafin baƙi a hammata.

"Yallaɓai, ba a shiga da dabba."

"Baba, wannan ba dabba ba ce, kayan bincike ne."

Mai gadi ya zagaya babur ɗin a hankali, ya dawo. "Kayan binciken sun yi kashi a takalminka."

"Baba, ƙarfe goma ake jirana."

"To me zan rubuta? Layin ɗalibai ne nan, nan na ma'aikata, nan na baƙi."

"Rubuta ta a baƙi."

"Wurin wa ta zo?"

Sai da Tela ya sa baki, ya ce shi ya tsaya mata, sannan aka ɗaga sandar da ta tare ƙofar. Mai gadin ya rubuta wani abu mai tsawo, ya bi su da kallo har suka sha kwana.

Ɗakin taron a hawa na biyu yake. Saura Ƙiris ya yi ta fargabar yadda zai hau bene da akuya, ashe ba shi da matsala. Duk matakalar da ƙafar wandonsa ta taka, tana biye tana miƙa wuya. Suka ɗaure ta a jikin ƙarfen baranda a bayan ƙofa, Tela ya tsaya gadi.

Ɗakin ya cika. A gaba dogon tebur ne, Farfesa a gefe, shugaban sashe a tsakiya, sai baƙuwar farfesa, wata 'yar ƙaramar mata mai farin mayafi da jan biro, kundinsa a buɗe a gabanta duk ta lanƙwasa kusurwar shafuka. Ɗalibai sun cika tsakiya. A layin baya mutanen unguwa ne, Gwaggo ta sa kayan fita, matarsa ta zauna kusa da ƙofa kamar mai shirin gudu.

Da ya shigo, shugaban sashe ya ɗaga hanci ya sa a buɗe tagogi. Farfesa ya dubi jiƙaƙƙiyar kwat ɗin, ya dubi dashen biyu, ya rufe ido na ɗan lokaci.

Minti goma na farko sun tafi lafiya. Ya haska hotuna, ya yi bayanin yadda awaki ke cinye dashe kafin ya yi ƙarfi, ya kawo alƙaluma daidai yadda suke a rubuce. Baƙuwar ta gyaɗa kai sau biyu. Farfesa ya fara sakin kafaɗa. Da a nan ya tsaya, da yanzu wani labarin ake yi. Amma ya hango mutanen layi a baya sun yi zuru, babu wanda ya fahimci komai, har mai shagon kusa da su ya fara gyangyaɗi. Sai ya kashe majigin.

"Ranku ya daɗe, alƙaluma a takarda kowa na iya rubutawa. Ni a ido zan nuna muku. Tela, shigo da ita."

Farfesa ya ce a hankali, "Malam." Ba a ji shi ba, domin ɗalibai sun miƙe tsaye suna leƙe.

Saura Ƙiris ya ajiye dashen biyu a ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya ɗura sauran maganin a abin feshi ya yi wa na dama wanka har yana ɗiga. Garin kaɗa hannu irin na masu bayani, feshin ya bi ta kan dogon tebur, baƙuwar ta janye mayafinta, ya sauka a kan kundin.

"Na dama an fesa, na hagu ba a fesa ba. Wannan akuya tun jiya ba ta ci komai ba, mai ita tana nan, a tambaye ta."

"Gaskiya ne," in ji Gwaggo daga baya. "Ni ma ban so ba."

"Yanzu za ku ga ta guje wa na dama kamar wuta. Sake ta."

Tela ya saki igiya. Akuyar ta taka zuwa tsakiyar ɗaki, ta shinshina na hagu, ta kau da kai. Ta juya wurin na dama, ta soma daga ganyen sama. Ba ka jin komai a ɗakin sai ƙarar tauna.

"Ɗanɗanawa take yi," in ji Saura Ƙiris. "Yanzu za ta tofar."

Ta gama da ganye ta kama reshe.

"Wani lokaci maganin yakan ɗauki minti biyu kafin ya kai ƙwaƙwalwa."

Ta tuge dashen daga leda, ta cinye har saiwa, ta lashe ledar.

Baƙuwar ta ɗaga jan biro. "Malam, wanne ka ce an fesa?"

"Na dama, ranki ya daɗe."

"Wanda babu shi yanzu."

"E, to… maganin bai isa ba ne. Bari a ƙara."

Ya juya ya feshe na hagu. Akuyar da ɗazu ta raina shi ta zo da gudu, kafin ya sauke hannu ta yi rabi. Dariyar da ɗalibai ke dannewa ta ɓalle. Shugaban sashe yana buga tebur yana cewa a yi shiru, shi ma kafaɗarsa na rawa. Saura Ƙiris ya kama igiya ya ja, akuyar ta fizge, ta ɗora ƙafafun gaba a kan dogon tebur, ta kama kundin baƙuwar ta tsakiya. Baƙuwar ta riƙe bango, akuya ta riƙe ciki. Aka ja, aka ji kyaaat.

Baƙuwar ta duba abin da ya rage a hannunta, ta buɗe a natse. "Babi na huɗu ta ɗauka. Sakamakon bincike. Ina da tambayoyi goma sha ɗaya a wurin."

"Da ta san haka da ta bar miki," in ji Tela.

Saura Ƙiris ya durƙusa zai ƙwato takardun, nan akuyar ta tuna da asalin inda daɗin yake. Ta saki takarda ta cafki gefen kwat. Ya miƙe, ta bi shi. Ya zagaya tebur, ta zagaya. Ya bi ta bayan shugaban sashe, igiyar ta naɗe ƙafar kujera, kujera ta tafi da wayar majigi. A zagaye na biyu aljihun hagu ya rabu da kwat.

"Ɗinkin ba shi da laifi, jama'a shaida ne," in ji Tela. "Ja aka yi."

A ƙarshe ya haye kan wani tebur a lungu ya tsaya, akuya a ƙasa ta miƙe tana lasar takalminsa. Gwaggo ce ta taso ba gaggawa, ta kama yagaggen kunnen, ta ce, "Ke, ya isa," dabbar ta bi ta kamar ba ita ba.

Da ƙura ta lafa, baƙuwar ta gyara tabarau ta dube shi a can saman tebur.

"Kana iya amsawa daga nan, ba sai ka sauko ba. Na karanta aikinka kafin a cinye shi. Abin da ka rubuta ba zai sa akuya ta yi haka ba. Me ka zuba a ciki wanda babu a kundin?"

"Ranki ya daɗe, wasu 'yan gyare-gyare ne na fasaha, waɗanda bayaninsu zai yi tsawo…"

"Sukarina ne gwangwani guda," in ji matarsa daga bakin ƙofa, "da gishiri rabin leda."

Farfesa ya sa fuska a tafin hannu. Baƙuwar ta rubuta wani abu, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

"Wato ka dafa wa akuya miya, ka hana ta abinci, ka kawo ta gabanmu ta ƙi ci."

"Haka ne a taƙaice," in ji shi.

Aka fitar da kowa, malamai suka rufe ƙofa. Rabin sa'a yana tsaye a baranda da aljihu ɗaya, bai ce uffan ba, abin da mutanen layi suka ce ba su taɓa gani ba. Matarsa ta matso ta miƙa masa ruwa, ta ce a hankali, "Sha, Baban yara. Minti goman farko ka yi kyau." Da aka kira shi, shugaban sashe ya karanta hukunci. Aikin da ke rubuce ya tsaya da ƙafarsa, an amince da shi. Amma sai ya sake gwajin a gonar jami'a cikin wata guda, da ainihin haɗin, a gaban Farfesa, ba tare da 'yan kallo ba. Kuma ya buga wa baƙuwa sabon kundi, ya amsa tambayoyinta goma sha ɗaya a rubuce.

"A rubuce," Farfesa ya maimaita. "Ba da baki ba."

Kafin Saura Ƙiris ya sauko ƙasa muryarsa ta dawo. "Kun ji dai, an amince. Irin wannan jarrabawar ba kowa ke fita da ƙafarsa ba."

Wajen komawa Tela ya ce babur ɗinsa ya sha magani iya shansa, akuya kaɗai zai ɗauka, Gwaggo ta riƙe ta. Motar mutanen layi ma ta ce ta cika, duk da akwai wuri a baya. Dole Saura Ƙiris ya taka da ƙafa, rana na dukan kwat ɗin, ƙamshin sukari da gishiri na tashi.

A bayan katangar jami'a akuya ɗaya ta ɗago kai ta bi shi. Wajen masu kayan miya uku suka ƙaru. Ya ƙara sauri, suka ƙara. Da ya shigo layinmu, awaki goma sha huɗu ne a bayansa da tunkiya ɗaya da ba ta san dalilin tafiyar ba, sai mata biyu a can baya da zani a hannu suna kiran dabbobinsu. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallo. Ya ɗaga musu hannu kamar wanda aka rako daga filin jirgi.

Matarsa ta riga shi isa, ta tsaya a ƙofa ta tare.

"Ba za ka shigo mini da baƙi ba. Cire kwat ɗin ka ba su."

Ya cire ya wurga tsakiyar layi, garken ya rufa a kai. Ya samu ya faɗa zaure, aka turo ƙofa aka sa sakata. Jim kaɗan sai ga kansa ya leƙo ta saman katanga, yana haki.

"Tela, ka ga yadda dabba ke jin maganina ko? Wannan somin taɓi ne. Da na gama da awaki, kan ɓeraye zan koma. Akwai wani haɗi da nake tunani, in na fesa shi a layin nan, ɓera ko ɗaya ba za a sake gani ba."

Tela ya dube shi, ya dubi awakin da ke rabon hannun kwat. Ya shiga shago, ya jawo babban akwatin ƙarfe, ya fara kwashe yadin mutane yana zubawa a ciki.